Zane Uku a Ƙirjin Ya Falmata

Duk amaryar da aka kai ɗaki a Gaya cikin shekara talatin ɗin nan, in dai iyayenta masu son a gani a yaba ne, da wuya ka duba ƙafarta ba ka ga aikin Ya Falmata ba. Kakanninta daga Borno suka zo fatauci, suka ga ƙasa ta karɓe su suka zauna, har Barbarci ya ƙare a bakin jikoki, sai gaisuwa da ɗan zagi. Abin da bai ƙare ba shi ne ƙunshi da haɗa turare, kuma Falmata ce ta gaje su daga kakarta. Gajeriya ce, baƙa, mai kaifin baki. Mijinta Mala yana sayar da gero da wake a kasuwa, mutum ne da sai ka yini da shi ba ka ji kalma goma ba, shi ya sa mutanen unguwa ke cewa ita ta cinye rabon maganarsa.

Ba ta ƙunshin salatif, ba ta kallon zane a waya. Lalle take kwaɓawa ta ƙulla a leda, ta huda bakin da allura, ta ja layi daga babban yatsa har idon sawu ba tare da ta ɗaga hannu ba. Amaryar da ta motsa kuwa ta sha dundu a cinya.

"Sake motsi ki gani," in ji ta, "in zana miki ƙadangare ki kai wa angon."

Tana da wata magana da kowa ya haddace, don ba ta gama aiki ba ta faɗe ta ba: "Hannuna bai taɓa karkacewa ba." Abin haushin shi ne gaskiya take faɗa.

Ana nan sai wani ƙulli ya fito mata a maman hagu. Shekara guda tana ɓoyonsa, tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, har ranar da 'yarta Rauda, wadda ke aure a birni, ta zo gida ta same ta tana sauya riga. Rauda ba ta tsaya lallashi ba, mota ta nemo. Aka ce ciwon daji ne, aka yi aiki aka cire maman gaba ɗaya, aka bi ta da allurai masu sa amai na wata da watanni. Falmata ta ɗauka an gama. Sai likita ya ce mata an dai tumɓuke kututturen, amma akwai 'yan saiwoyi da ido ba ya gani, kuma in aka bar su damina ɗaya ta ishe su. Za a yi mata gashi da na'ura, wani haske ne mai ƙarfi da ake harbawa wurin ya kashe abin da ya rage. Kwana ashirin da biyar za a yi, Litinin zuwa Juma'a, ba fashi.

Na'urar ɗaya ce, masu jira kuwa kamar ranar kasuwa. Wata huɗu Falmata ta yi tana zuwa duba ko sunanta ya fito, tana zama a wani dogon benci da ke bakin sashen gashin a asibiti. A bencin nan ta san Kadijatu, wata mata mai fara'a daga wajen Wudil, wadda aka yi wa irin aikinta kuma ta riga ta shiga layi. Rannan Kadijatu ta ja ta gefe, ta ɗaga mayafi ta nuna mata bakin ɗinkin. Wasu 'yan ƙulle-ƙulle ne jere kamar ƙwayar wake. Kafin layi ya zo kanta, likita ya ce gashi ba zai wadatar ba kuma. Bayan sati shida Falmata ta buga wayarta, sai wani namiji ya ɗauka ya ce an yi sadakar bakwai jiya. Tun daga ranar, kullum ta idar da sallar asuba sai ta bi tabon ƙirjinta da yatsa daga wannan baki zuwa wancan, tana neman ƙwayar wake.

Da sunanta ya fito, aka fara da awo. Ma'aikaciyar da ke kula da na'urar wata yarinya ce siririya mai suna Muhsina, ba ta fi sa'ar Rauda ba. Ta kwantar da Falmata, ta ɗaga mata hannun hagu sama da kai, aka ɗauki hotuna, sannan ta ɗauko wani baƙin alƙalami ta yi mata alama uku a fata. Ɗaya a tsakiyar ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin hammata, ɗaya a ƙasan tabon, daidai inda zuciya ke harbawa.

"Mama, ki kula da waɗannan kamar idonki," in ji Muhsina. "Su ke nuna mana inda hasken zai tsaya. Zuciyarki da huhunki suna nan ƙasa, ba ma so ya taɓa su. Ban da sabulu a wurin, ban da mai, ban da turare, ban da gogewa. In kin ga yana dusashewa ki faɗa mini in ƙara, kar ki taɓa da kanki."

Falmata ta leƙa ƙirjinta ta taɓe baki. Ko kaza ta taka tawada ta fi wannan iya zane. An ce wanzami ba ya son jarfa, ga shi yau an kwantar da shi. Da ta fito, matan benci suka ƙara mata karatu. Wata ta ce ta san wadda nata zanen ya goge, aka ce ta koma ƙarshen layi. Wata ta ce ai ba ɗaya ba ce, su biyu ne. Babu wadda ta san sunan ko ɗaya daga cikinsu, amma Falmata ba ta nemi suna ba. Ita ta san abin da ƙarshen layi yake nufi, ta ga Kadijatu.

Ɗakin gashin sanyi ne da shi kamar randa. Ana kwantar da mutum a wani siririn gado, wasu layukan haske kore su fito daga bango su gitta jikinsa, a yi ta gyara shi har sai layukan sun hau kan alamomin nan daidai. Daga nan kowa ya fita, a turo wata ƙofa mai kauri fiye da katangar gida, a bar shi shi kaɗai. Na'urar ta fara juyawa a kansa tana gurnani. Muhsina ta gaya mata suna ganinta kuma suna jinta daga waje, in wani abu ya dame ta ta yi magana kawai, amma kar ta motsa. Matar da ta shekara talatin tana dukan amare don sun motsa, yanzu ita ce a kwance ko yawu ba ta iya haɗiyewa. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ba ta jin komai. Wutar da ake ji ai ana janye jiki, wannan kuwa da me za ka san ta ɓata hanya? Haka ta yi kwana goma, tana kwana gidan Rauda, tana wanka da tsumma tana zagaye alamomin kamar mai zagaye ramin kunama.

Ana wata ga wata. Asabar ɗin da ta biyo kwana na goma ita ce ranar ƙunshin Safara'u, autar ƙawarta Hure ta Gafasa. Hure Bafulatana ce, don haka tsakaninta da Falmata ba a gaisuwa sai da tsiya, wannan ta ce baiwata, waccan ta ce ke ce dai baiwar. Tun ranar sunan Safara'u Falmata ta ɗaga ƙafar jaririyar ta ce ba mai zana wannan ƙafa sai ita. Hure ta san an yi mata aiki, ta ma zo dubiya da ƙwaryar nono, amma zancen zane a ƙirji ba ta sani ba, don Falmata ko Mala ba ta nuna wa ba.

"Iya, don Allah ki haƙura," in ji Rauda. "Zafin nan kaɗai ya isa."

"Asabar da Lahadi ai na'urar ma hutu take. Alkawari kaya ne. In ban je ba Bafulatanar nan har kabari za ta bi ni da gori."

Ta tafi Gaya ranar Juma'a da la'asar, da safe ta hau adaidaita zuwa Gafasa. Bazara ce, irin wadda ko inuwa ba ta da sanyi. Ɗakin amarya cike da mata, ga kaskon turaren wuta a ƙuryar ɗaki yana tashi. Falmata ta zauna a tabarma, ta ɗora ƙafar Safara'u a cinyarta, ta fara. Da ledar lalle ta shiga hannunta sai ta ji ta koma mutum, har ta manta da benci da ƙofa mai kauri. Ta gama ƙafar dama, mata suka yi guɗa. Tana tsakiyar dogon layin ƙafar hagu, wanda ba a ɗaga hannu sai an kai idon sawu, Hure ta shigo da kwalbar humra, turaren nan mai maiƙo da Falmata da kanta ta haɗa wa amaryar.

"Ku ba ni wuri in fesa baiwata," in ji Hure, "kar a ce mun sa ta aiki ba mu ji ƙanta ba."

Ta tsiyaya a tafi ta shafa mata a wuya, sannan don tsokana ta ja bakin rigarta ta tuntsura sauran a ciki. Falmata ta ji sanyin turaren yana gangarawa ƙirjinta, ya haɗu da gumi, ya bi tabon. Ranta ya ce ta zabura. Amma in ta zabura layin zai karye a ƙafar amarya a gaban mata ashirin. Ta cije leɓe ta ja layin har idon sawu, ta rufe shi da ɗan ganye, ta ƙarasa ƙafar tsaf. Sai da ta gama ta miƙe ta ce za ta zaga.

A makewayi ta ɗaga riga. Tawadar ta narke ta zubo kamar kwalli a idon mai kuka. Cikin ruɗewa ta kai gefen mayafi ta ɗan danna don ta tsane wurin, sai mayafin ya kwashe abin da ya rage. Na tsakiyar ƙirji da na hammata ana iya ganin inuwarsu in an ƙura ido. Na ƙasan tabon kuwa babu shi, babu alamarsa. Ta dafa katanga. A waje ana ta guɗa, ita kuwa muryar mutumin nan take ji yana cewa an yi sadakar bakwai jiya.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce kanta ke ciwo, ta koma Gaya kafin la'asar. Ranar Lahadi da hantsi, bayan Mala ya fita kasuwa, ta sa sakata a ƙofa, ta jingina madubi a jikin akwati ta zauna a gabansa. Jan lalle zai tona mata asiri, don haka baƙi ta kwaɓa, irin mai haɗin rini da 'yan mata ke so, shi ne zai yi kama da tawadar Muhsina. Na farko da na biyu ba su ba ta wahala ba, inuwarsu ta bi. Na ukun ne aiki. Sati uku tana kallonsa safe da yamma, ta san yana ƙasa da tabon kamar yatsa biyu, ya ɗan karkata wajen hammata. Ko wajen tsakiya ne? Ta ɗora yatsa a nan, ta mayar can. A ƙarƙashin yatsan zuciyarta na bugawa, tana jinta sosai. Ta ce wa kanta hannun nan bai taɓa karkacewa ba, ta yi bisimilla ta zana. Har ta kwaikwayi munin zanen yarinyar don kar a gane. Kafin magariba wuraren uku sun fara ƙaiƙayi.

Ranar Litinin Rauda ta tarye ta a tasha, ta ce, "Iya, lafiya kike shiru haka?" Ta ce gajiyar biki ce. A benci ta zauna tana lissafin abin da ba ya lissafuwa. In ta faɗa, ƙarshen layi, wata huɗu, ƙwayar wake. In ta yi shiru, hasken da ba a ji zai bi zanenta, kuma ita kaɗai ta san zanen nan ƙirƙira ce. Gaba kura, baya sayaki.

Aka kira sunanta. Ta kwanta, ta ɗaga hannu sama da kai. Muhsina ta duba ƙirjin ta ce, "Kai, yau zanen ya fito raɗau. Abokiyar aikina ce ta ƙara miki ranar Juma'a?"

"Uhm," in ji Falmata.

Layukan kore suka sauka. Muhsina ta gyara ta nan, ta gyara ta can, ta ɗan yamutsa fuska ta duba takardar hannunta, ta sake matsar da gadon kaɗan. Sannan ta ce, "Kar ki motsa, Mama," ta fita. Ƙofar ta rufu da nauyinta. Falmata ta yi ƙasa da ido, ta hango layin kore zaune daram a kan zanen da ta yi da hannunta a gaban madubi, yana hawa yana sauka da bugun zuciyarta. Na'urar ta yi ƙara ta fara juyowa. Tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba ya kama ta, ko ranar da aka shiga da ita tiyata bai kai wannan ba. Ta tuna kakarta na cewa garin neman gira ake rasa ido.

"Ku tsaya!" Muryar da ta fito ba ta yi kama da tata ba. "'Yar nan, ki tsaya don Allah! Ba naki ba ne, ni na zana!"

Ƙarar ta ɗauke. Ƙofar ta ɗauki lokaci kafin ta buɗe, kamar ba za ta buɗe ba. Muhsina ta shigo da sauri, Falmata ta zayyana mata komai tana kwance hannu a sama, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Yarinyar ba ta yi faɗa ba. Ta kira likita, suka ɗauki hoto, suka gwada da awon farko. Na ƙirji daidai, na hammata daidai. Na ukun ya goce da faɗin yatsa ɗaya da rabi, kuma wajen zuciya ya goce.

"Na ga awon gadon bai zauna mini ba, na ɗauka kumburi ne," in ji Muhsina. "Wataƙila da hoto ya nuna mana yau, wataƙila sai an kwana biyu. Gara da kika faɗa, Mama."

"To na koma ƙarshen layi ke nan?"

"Wane layi? Wa ya gaya miki? Wanda ya fara ai ba a cire shi. Da tun ranar kika bugo waya, da yau mun sake awo, gobe ko jibi ki ci gaba."

Amma ba a nan Falmata ta tsira ba. Fatar da ta sha gashi kwana goma ba ta ɗaukar baƙin lalle. Wuraren uku suka yi ja, suka ɗuri ruwa, suka fashe, likita ya ce ba za a ci gaba ba sai sun kame. Kwana takwas aka yi. Kwana takwas ɗin nan sun fi mata wata huɗun baya tsawo, don wancan jiran ƙaddara ce, wannan kuwa da hannunta ta saye shi. Kullum da asuba yatsanta na kan tabon, in ta ji ɗan tauri sai ta kira Rauda ta zo ta taɓa, Rauda ta ce ɗinki ne Iya, jiya ma shi kika nuna mini. Da labari ya kai wa Hure, ta zo har birni tana kuka, ba tsokana ba gori, Falmata ta ce mata ta tashi, ba a kama wanda bai sani ba.

Ranar da aka sake awo, Muhsina ta yi sababbin alamomi uku. Sannan ta ce ta yi magana da likita, ya yarda a bi kansu da jan lalle, zallan ganye ba haɗi, don ya fi tawada jure gumi. Rauda ta zo da shi a kwaɓe, Falmata da kanta ta ƙulla ledar ta huda.

"Ga madubi, Mama," in ji Muhsina. "Ke ce gwana. Ki bi kan nawa, ina tsaye ina kallo."

Falmata ta dubi ledar a hannunta. Shekara talatin ko Rauda ba ta taɓa bari ta riƙe mata ita ba. Ta dubi alama ta uku a madubin, wadda ke motsi da bugun zuciya. Sai ta miƙa wa yarinyar ledar.

"Ke zana," ta ce. Ta koma ta kwanta, ta ɗaga hannu sama da kai, ba ta motsa ba har aka gama, duk da ta ji layin na rawa.

Ta cika kwana ashirin da biyar ɗinta. Yanzu duk wata uku tana zuwa a duba ta, kuma har gobe ba ta fasa bin tabon da yatsa bayan sallar asuba ba, don likita bai ce mata an gama har abada ba, cewa ya yi a ci gaba da dubawa. In ta je, takan tsaya a benci ta gaya wa sababbin zuwa cewa zancen ƙarshen layi ƙarya ce, in zane ya goge su faɗa kawai. Hannun hagun ba ya ɗaguwa sosai, amma na dama ke zane, amare kuma ba su daina zuwa ba.

Bayan ƙaramar Sallah an yi wani biki a Toranke, Hure na wurin. Amaryar yarinya ce mai tsoro, ƙafarta sai rawa take a cinyar Falmata. Hure ta dafa kafaɗarta ta ce, "Kwantar da hankalinki, 'yata. Baiwar nan tawa, hannunta bai taɓa karkacewa ba."

Falmata ba ta ɗago kai ba. Sai da ta kai layin idon sawu ta rufe shi, sannan ta ce, "Ya taɓa."